Yadda na kwashe sa hannun imel ɗin ofishinmu zuwa sababbin kwamfutoci

Ranar Litinin ta farko bayan mun sauya kwamfutocin ofis, ban kai ga zama a kujerata ba sai masinja ya ce Alhaji yana kirana. Na same shi a gaban sabuwar kwamfutarsa, ya buɗe wata wasiƙa da ya aika wa wani abokin cinikinmu na Birnin Konni ranar Asabar, ya ɗora yatsa a ƙarshenta ya ce, "Malam, mi yas sa sunana bai hito ba a ƙasan wagga wasiƙa?" Na duba na ga lallai rubutun ya tsaya cak a kan kalmar godiya, babu suna, babu muƙami, babu lambar waya, babu tambarin kamfani, alhali a cikin wasiƙar ya ce wa mutumin ya kira shi a lambar da ke ƙasa. Na ce, "Ranka shi daɗe, a ba ni zuwa la'asar." Gaskiyar magana ita ce a lokacin da na faɗi haka ban san inda sa hannun ya shige ba.

Kamfaninmu ƙarami ne, yana nan cikin garin Sakkwato, kuma aikinsa sayen albasa daga manoman Goronyo da Wurno da Gada, da sayen fatu da ƙiraga, da jigilarsu zuwa kudancin ƙasar nan da kuma ƙetaren iyaka ta Illela. Ni ne ke riƙe da takardun ofis, kuma da yake ni na fi sauran ma'aikata jimirin zama gaban kwamfuta, duk wata matsalarta a wuyana take faɗawa. Dalilin sauya kwamfutocin kuwa shi ne Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma a wannan ranar ce tallafin Office 2016 da muke amfani da shi ya ƙare. Tsofaffin kwamfutocinmu ba su da abin tsaron nan da ake kira TPM 2.0, wanda Windows 11 ke buƙata, saboda haka Alhaji ya amince aka sayo guda huɗu na hannu masu ɗauke da sabon tsarin, aka sa musu Office 2021.

Kwashe wasiƙu bai ba ni wahala ba ko kaɗan, kuma wannan sauƙin shi ya yaudare ni. Imel ɗinmu yana aiki ne da tsarin IMAP, wato asalin wasiƙun suna zaune a kan sabar kamfanin da ke riƙe mana imel, abin da ke cikin kwamfuta kwafi ne kawai. Da na shigar da adireshi da kalmar sirri a Outlook, manhajar imel ta cikin Office, a sababbin kwamfutocin, sai wasiƙun shekara da shekaru suka riƙa saukowa da kansu. Jerin sunayen abokan hulɗa da kalanda, waɗanda ba sa bin wannan hanyar, na fitar da su cikin fayil ɗin PST, wato fayil ɗin da Outlook ke tattara bayanansa a ciki, na shigar da su a sabuwar kwamfuta. Da na ga kowane abu ya zauna a mazauninsa sai na ɗauka na gama, domin a tunanina sa hannu wani yanki ne na akwatin wasiƙa, duk inda akwatin ya je zai bi shi.

Ya kamata in fayyace abin da nake nufi da sa hannu a nan, domin ko a ofishinmu an sha rikita shi. Ba zanen da mutum ke yi da biro a ƙasan takarda ba ne, ba kuma hatimin sirrin nan ba ne da wasu hukumomi ke amfani da shi don tabbatar da cewa ba a taɓa wasiƙa a hanya ba. Ƴan layuka ne da manhajar imel ke liƙawa da kanta a ƙarshen kowace wasiƙa, masu ɗauke da suna da muƙami da adireshi da lambar waya, wani lokaci har da tambari. Alhaji yana da irin wannan har guda uku, na Turanci don abokan ciniki na Legas da Onitsha, na Faransanci don mutanen Konni da Yamai, sai na Hausa wanda bai cika amfani da shi ba.

Na kira wani abokina mai gyaran kwamfuta na yi masa bayani, ya yi dariya ya ce sa hannun yana nan lafiya lau a cikin kwamfutar da na bari, domin Outlook na kan tebur yana ajiye shi ne a wata folda ta daban a cikin na'urar, kuma fayil ɗin PST ba ya ɗaukarsa. Ya ƙara da cewa masu akwatin wasiƙa na Microsoft 365 sun sami sauƙi a ƴan shekarun nan, domin nasu sa hannun ana ajiye shi ne tare da akwatin, yana bin su duk kwamfutar da suka shiga, amma mu masu IMAP dole mu ɗauke shi da hannu. Nan gabana ya faɗi, saboda tsofaffin kwamfutocin suna cikin sito, kuma an riga an tsayar da cewa ranar Laraba zan goge su a ba wata makarantar Islamiyya ta unguwarmu kyauta. Da Alhaji bai lura ba sai ranar Alhamis, da sai dai in zauna in sake gina komai daga tsofaffin wasiƙu.

Muka ɗauko tsohuwar kwamfutar Alhaji daga sito, ƙurar hunturu ta riga ta lulluɓe ta duk da kwana uku kacal ta yi a can. Ita irin ta tebur ce mai akwati, ba ta da batir, ga shi an ɗauke wuta tun safe, don haka sai da na jira bayan azahar lokacin da ake tayar da janareta. Da ta tashi, na bi abin da abokina ya gaya mini, na danna maɓallin Windows tare da harafin R, wani ɗan akwati ya fito, na rubuta %APPDATA%\Microsoft\Signatures a ciki na danna Enter. Folda ta buɗe, amma babu komai a cikinta.

Na ɗan jima ina kallon wannan farar folda kafin in gane kuskurena. Kalmar %APPDATA% ba wuri ɗaya take nunawa ba, tana kai mutum ne ga foldar wanda ya shiga kwamfutar a lokacin, ni kuwa na shiga ne da asusun da nake amfani da shi wajen gyare-gyare, wanda bai taɓa aika wasiƙa ko ɗaya ba. Cikakkiyar hanyar ita ce C:\Users, sai sunan mai asusun, sai AppData, sai Roaming, sai Microsoft, sannan Signatures, kuma foldar AppData a ɓoye take, ba ta fitowa idan mutum yana bin foldoji ɗaya bayan ɗaya sai ya umarci Windows ya nuna ɓoyayyun abubuwa. Na je na roƙi Alhaji ya zo ya sa kalmar sirrinsa da kansa, domin ban so ya faɗa mini ita a gaban mutane, na sake rubuta hanyar, sai ga su sun bayyana. Daga baya na koyi wata gajeriyar hanya da ta fi wannan sauƙi: idan aka buɗe Outlook aka shiga File, aka shiga Options, aka zaɓi Mail, sannan aka riƙe maɓallin Ctrl aka danna Signatures, foldar da kanta take buɗewa.

Abin da na gani a ciki ya fi abin da na zata yawa. Kowane sa hannu guda ɗaya yana da fayil uku masu suna iri ɗaya, ɗaya ya ƙare da .htm, ɗaya da .rtf, ɗaya da .txt, sannan ga wata ƙaramar folda mai wannan sunan da aka ƙara wa _files a ƙarshe. Dalili shi ne Outlook yana iya rubuta wasiƙa ta siga uku, kuma kowace siga da nata sa hannun. Na .htm shi ne mai launi da tambari wanda aka fi gani kullum, na .rtf na wata tsohuwar siga ce da ba a cika amfani da ita ba sai a manyan ofisoshi, na .txt kuwa tsurar rubutu ne babu ado, kuma shi manhajar ke ɗaukowa idan wasiƙar da ake amsawa ta zo a tsurar rubutu. Ƙaramar foldar ita ke riƙe da hoton tambari da wasu ƙananan fayiloli na launi. Saboda haka sa hannun Alhaji guda uku sun zama fayil tara da folda uku, kuma duk wanda ya ɗauki na .htm kaɗai ya bar foldarsa, zai tarar da akwati fanko a inda tambari ya kamata ya fito.

Na rufe Outlook, na kwafe komai gaba ɗaya cikin filash, na kai sabuwar kwamfutar, na tabbatar a can ma Outlook a rufe yake, na buɗe wannan hanyar na zuba su. Da na buɗe manhajar na shiga tagar sa hannu, sai ga sunayensu uku a jere a gefen hagu. Na buɗe sabuwar wasiƙa da murna, amma ƙasanta fayau, babu abin da ya fito.

Wannan shi ne mataki na biyu da kwafar folda ba ta yi wa mutum. Fayilolin sun zo, amma umarnin da ke cewa wane sa hannu za a liƙa wa wane adireshi ba a cikin foldar yake ba, yana cikin rajistar Windows ta tsohuwar kwamfuta, wato inda Windows ke adana saituna, kuma ya zauna a can. A wannan tagar ta Signatures akwai wurin zaɓen adireshin imel, akwai wurin zaɓen sa hannun sababbin wasiƙu, akwai kuma na amsa da turawa gaba, kuma na same su duka a kan babu. Da yake Alhaji yana da adireshi biyu a manhajar, na kamfani da nasa na kansa, sai da na zaɓa wa kowanne daban. Na sa na Turanci ya zama shi ke fitowa da kansa a adireshin kamfani, na bar adireshinsa na kansa babu sa hannu, domin babu dalilin da zai sa wasiƙar da ya aika wa ɗansa da ke karatu ta ƙare da muƙamin shugaban kamfani. Idan yana son na Faransanci ko na Hausa, sai ya danna maɓallin dama na linzami a kan sa hannun da ya fito ya zaɓi wanda yake so.

Da a ce na tsaya a nan, da na cika alkawarin la'asar, kuma da Alhaji ya gamsu. Amma tunda sakacin rashin gwaji ne ya jawo mini kiran safiya, sai na ce bari in aika wa kaina wasiƙa da kowane sa hannu, in buɗe ta a waya da kuma ta burauza, in ga yadda take isa hannun mai karɓa. Na kuma aiko wa adireshin Alhaji wata wasiƙa a tsurar rubutu na amsa ta daga kwamfutarsa. A nan ne abubuwa biyu suka fito waɗanda sun shekara biyu suna faruwa ba mu sani ba.

Na farko, amsar da ta tafi a tsurar rubutu tana ɗauke da tsohuwar lambar wayar ofis, layin da muka daina amfani da shi tuntuni. Na koma foldar na duba ranakun da aka taɓa fayilolin a ƙarshe, sai na ga na .htm sun fi ƴan'uwansu sabunta da shekaru. Idan aka gyara sa hannu daga cikin Outlook, manhajar tana sake rubuta ukun a lokaci guda, don haka bambancin ranaku yana nuna an buɗe ɗaya an gyara shi da hannu a waje. Nan na tuna wani ɗan hidimar ƙasa da ya yi shekara tare da mu, wanda ni da kaina na sa ya sauya lambar, na kuma gan shi ya buɗe Notepad, ƙaramar manhajar rubutu ta Windows, yana aikin, na yaba masa ban duba ba. Ke nan duk abokin cinikin da manhajarsa ke aiko da tsurar rubutu, ya sami amsa daga Alhaji da lambar da ba ta shiga.

Na biyu ya fi ɓata mini rai. A sa hannun Hausa akwai layin da ke bayyana sana'armu, wanda ya kamata ya ce dillalan albasa da ƙiraga, masu jigila zuwa ƙasashen maƙwabta, amma duk inda ƙ take sai alamar tambaya ta maye gurbinta, har kalmar ƙiraga ta koma abin da ba ya karantuwa. Na Faransanci kuwa lafiyarsa lau, haruffansa masu ɗigo da karan sama duk suna nan. Dalilin wannan bambanci shi ne an adana fayil ɗin a tsohon tsarin haruffa da Notepad ke kira ANSI, wanda a kwamfutocinmu yake nufin jadawalin da aka tsara don harsunan yammacin Turai. Jadawalin yana da gurbin haruffan Faransanci, amma ba shi da gurbin ƙ da ɗ da ɓ, saboda haka idan aka rubuta su kai tsaye aka adana, sai ya musanya su da alamar tambaya, kuma da zarar an adana babu hanyar dawo da su sai an sake rubutawa. Da na nuna wa Alhaji, sai ya ce ai ya daɗe yana ganin haka, ya ɗauka haka kwamfuta take yi wa Hausa, shi ya sa ma ya rage amfani da wannan sa hannun. Wannan amsar ta tsaya mini a rai, domin haruffanmu suna da gurbinsu a tsarin Unicode, jadawalin haruffan harsunan duniya, da daɗewa, kuma Windows yana da allon madannai na Hausa da kowa zai iya ƙarawa daga saitunan harshe.

Na yanke shawarar in gyara ukun duka daga cikin Outlook, ba tare da na sake taɓa fayilolin a waje ba. Tagar rubutun Outlook tana aiki ne da injin Word tun daga fitowar 2007, don haka dabarar Word ta rubuta lambar harafi sannan a danna Alt da X tana aiki idan mutum yana rubuta wasiƙa. Lambar ƙ ita ce 0199, ta babbarta 0198, ta ɗ 0257, ta ɓ kuwa 0253. Akwai ɗan tarko a nan da ya kama ni sau ɗaya: idan harafin da ya zo kafin lambar yana cikin a zuwa f, kamar a kalmar daɗi, manhajar tana haɗa shi da lambar ta fitar da wani abu daban, saboda haka gara mutum ya zaɓe lambar kaɗai da linzami kafin ya danna. Na rubuta layukan a cikin sabuwar wasiƙa, na sa su a salon haruffa na Arial wanda na gwada na ga haruffanmu suna fita daidai a cikinsa, sannan na kwafe na liƙa a tagar sa hannu na adana. Na koma foldar na ga fayil ukun sun ɗauki lokaci ɗaya, na buɗe na .txt na karanta da idona. A lambar waya kuma na cire sifilin farko na sa +234, domin mutumin Konni da ke kan layin +227 ba zai same mu da lambar da ta fara da sifili ba, kuma wannan gyaran ya kamata a ce an yi shi tun ranar da aka fara rubuta sa hannun Faransanci.

Tunda an buɗe maganar, Alhaji ya kawo nasa buƙatun, kuma a nan ne muka fi daɗewa. Yana so a yi sikanin sa hannunsa na biro a liƙa a ƙasan sunansa, yana so kuma a ƙara sarautar da aka naɗa shi a garinsu da sunayen ƙungiyoyin ƴan kasuwa biyu da yake ciki. Game da na farko na ce, "Ranka shi daɗe, duk wanda ya karɓi wasiƙar zai iya cire hoton ya ɗora a kan takardar da ba kai ka rubuta ba, kuma irin sa hannun da ke kan cakinka ne." Bai ƙara ko kalma a kan wannan ba. Game da sarauta kuwa ban yi gardama ba, domin a Sakkwato sarauta ba ado ba ce kawai, akwai mutanen da ba su san shi da wani suna ba sai ita, kuma wasiƙar da ta zo babu ita za ta iya zama musu baƙuwa. Muka daidaita a kan a sa ta a sa hannun Hausa, a bar na Turanci da na Faransanci da suna da muƙamin kamfani, a kuma bar ƙungiyoyin gaba ɗaya. Hujjar da na kawo masa tsohuwa ce: wata takardar ladubban intanet da aka fitar a 1995, mai lamba RFC 1855, ta ba da shawarar kada sa hannu ya wuce layi huɗu, saboda a wancan zamani mutane da yawa suna biyan kuɗin shiga intanet ne da minti. Mu ba mu iya tsayawa a huɗu ba, mun tsaya a shida, amma dalilin bai tsufa ba ga direban da ke buɗe wasiƙa a waya a bakin iyaka da ɗan datar da ya saya.

Wannan tunanin ne ya kai ni ga tambari. Hoton da ke cikin foldar ya haura megabayit ɗaya, domin wanda ya fara sa shi ya ɗauko babban hoton da aka buga allon ƙofar ofis da shi, ya ja kusurwarsa ya ƙanƙanta shi a ido kawai. Na rage faɗinsa zuwa fiksel 200 a manhajar hoto kafin in shigar da shi, nauyinsa ya sauko ƙasa da kilobayit 30. Na kuma yi wa kowane harshe gajeren sa hannu na amsa, mai suna da lambar waya kaɗai babu hoto, saboda idan ciniki ya yi tsawo aka yi musayar wasiƙa goma, tambarin yana maimaituwa sau goma, kuma a wasu manhajojin yana fitowa a matsayin fayil da aka maƙala, har mai karɓa ya riƙa neman takardar farashi a tsakanin hotunan tambari. Sunayen sa hannun ma na sauya su zuwa masu ma'ana, amma da maɓallin Rename na cikin tagar na yi, domin fayil ɗin .htm yana kiran foldar hotonsa da sunanta, idan aka sauya ɗaya a waje aka bar ɗaya sai hoton ya ɓace.

Washegari na juya kan sauran kwamfutoci uku. Tawa ba ta ɗauki minti goma ba. Ta magatakardan ciniki kuwa na zuba fayilolin na buɗe manhajar ban ga komai ba, ko sunayensu ba su fito ba. Da na lura da kyau sai na ga ashe a ranar da nake haɗa kwamfutocin, cikin gaggawa, na saita masa imel a sabon Outlook ɗin da ke zuwa tare da Windows 11, ba wanda ke cikin Office ba da yanzu ake kira classic. Alamominsu sun yi kama, amma sabon ba ya karanta waccan folda ko kaɗan, ana rubuta masa sa hannu ne a cikin saitunansa, ƙarƙashin Accounts. Tunda magatakardan ya ce ya riga ya saba da shi a ƴan kwanakin, ban mayar da shi ba. Na buɗe wata tsohuwar wasiƙa da ya aika, na kwafe layukan ƙarshenta na liƙa a saitunan, na gyara lambar waya, na shigar da ƙaramin tambarin daga filash.

Hajiya mai kula da kuɗi ita kaɗai ce ke amfani da Thunderbird, manhajar Mozilla, tun kafin ta zo wurinmu, kuma ba ta yarda a raba ta da ita ba. Tata na riga na kwashe ta ta hanyar kwafar foldar %APPDATA%\Thunderbird gaba ɗayanta, wadda ke ɗauke da asusu da saituna, kuma da a ce sa hannunta a cikin akwatin saitunan asusu aka rubuta shi, da ya biyo su. Amma nata an yi shi ne ta ɗaya hanyar, wato an rubuta shi a wani fayil na daban aka nuna wa manhajar inda yake, kuma fayil ɗin yana ɓangaren D na tsohuwar kwamfuta, ɓangaren da sabuwar ba ta da shi. Manhajar tana neman abu a wurin da babu shi, sai ta yi shiru ta aika wasiƙa haka nan. Na ɗauko fayil ɗin na ajiye shi a foldar takardunta, na shiga saitunan asusu na nuna sabon wurin. Da ta gwada sai ta ce, "Malam, waɗannan karan biyu da ke saman sunana fa, kai ka sa su?" Na gaya mata manhajar ce ke sa su da kanta. Karan kwance biyu ne da tazara ɗaya a bayansu, tsohuwar alama ce da manhajojin imel suka gada don gane inda wasiƙa ta ƙare sa hannu ya fara, ta yadda idan wani ya amsa, manhajarsa za ta iya yanke sa hannun daga abin da ta maimaito. Ta ce a bar su tunda suna da aiki.

Ranar Laraba da safe, kafin in goge tsofaffin kwamfutocin, na sake shiga kowacce da asusun mai ita na buɗe foldar sa hannu na gwada da abin da ke cikin filash. Na kuma kwafe gyararrun fayilolin daga sababbin kwamfutoci, kowane mutum da foldarsa, tare da ƙaramin tambarin da wata ƴar takarda da na rubuta hanyar foldar da wuraren zaɓe uku na tagar Signatures. Na sa filashin a ambulan na ba Alhaji, ya jefa shi a durowar da yake ajiye hatimin kamfani. Da yamma malaman makarantar suka zo da a-daidaita-sahu suka kwashi kwamfutocin, ni kuma na zauna da wayar Alhaji, domin manhajar imel ta waya tana da nata sa hannun daban, kuma na tarar har yanzu tsohuwar lambar ce a ciki.